Hasken da Ya Zo Ta Gefen Tabo

Yau wata biyu ke nan da aka rufe shagon da ke jikin nawa. Shekara talatin da ɗaya muna maƙwabtaka, ni ina gyaran rediyo, shi yana ɗaukar hoto. Abin da ya raba mu ma ba bango ba ne, katako ne siriri, in ya yi atishawa ni ke ce masa sannu. Har yanzu da safe in na buɗe shago nakan tsinci kaina ina ƙwanƙwasa katakon sau biyu, yadda muka saba gaisawa, sai daga baya in tuna.

Duk layinmu Matsa-Kaɗan ake kiransa, don ba ya ɗaukar mutum hoto sai ya ce masa haka sau biyar ko shida. Matsa kaɗan, ɗaga haɓa kaɗan, kau da hancin nan kaɗan. Ni kuma yana kirana Injiniya, don tsokana, ya san ko firamare da ƙyar na gama.

Shagon nasa ɗaki ɗaya ne. Akwai shuɗin labule a baya da rana ta cinye rabin launinsa, da kujera mai gajeriyar ƙafa ɗaya da ake tokarewa da ninkakken kwali, da madubi, da mataji a ɗaure da zare don kada a tafi da shi. Kyamararsa tsohuwa ce mai fim. Filashinsa biyu, babba da ƙarami, babban an ɗaure murfin batirinsa da roba.

Abu ɗaya ya tsana a sana'arsa, shi ne a ɗora filashi a kan kyamara a haska mutum gaba da gaba. Yakan ce wannan ba hoto ba ne, mari ne.

"Dubi nan, Injiniya," yakan ce, yana nuna mini hoton wani da aka ɗauka a wani shago. "Goshi na sheƙi kamar an shafa masa mai, hanci ya ɓace, ido ya yi ja. Bawan Allah ya zo da fuskarsa lafiya lau, an mayar masa da faranti."

Shi so yake haske ya zo daga gefe, kamar na taga da safe, ya bi kunci ya bar 'yar inuwa. To amma filashin da aka cire daga kan kyamara aka ajiye a gefe, dole a sami abin da zai gaya masa lokacin tashi. Manyan shaguna suna da na'urar da ke yin wannan ba tare da waya ba. Abokina bai taɓa samun halin sayenta ba, kuma bai taɓa zama yana kuka a kai ba. Ni ya zo ya samu.

Dabararmu ta farko waya ce. Na samo wayar tsohon tarho mai murɗe-murɗe, na liƙa mata kawuna da dalma, ɗaya a kyamara, ɗaya a filashi. Ta yi aiki sosai a cikin shago. A waje ne ta ba mu kunya. Wata rana an kira shi ɗaukar hoton wani taro, ya ja ni in riƙe masa filashin a kan sandar tsintsiya. Wani dattijo mai tumbi ya taho da sauri zai shiga sahun gaba, ƙafarsa ta sarƙe da wayar. Filashi ya yi sama, kyamara ta kusa bin bayansa, dattijo ya zauna daɓas a kan wani. Tun daga ranar murfin batirin nan bai sake rufuwa ba sai da roba.

Dabara ta biyu ita muke kira ido. Wani ɗan ƙaramin abu ne, bai fi kan babban yatsa ba, na tsinto shi a tarkacen mai sayar da tsofaffin kayan wuta. In ka maƙala shi a gindin babban filashi, da zarar ya ga walƙiyar wani filashin sai ya tayar da nasa nan take. Sai abokina ya riƙa sa ƙaramin a kan kyamara, ya rufe masa fuska da farin kyalle don ya rage ƙarfi, babban kuma yana gefe yana jiran ishara. Babu waya, babu tuntuɓe. Ranar da muka gwada ya yi aiki, sai da ya zagaya kujerar nan yana rawa.

Shi ma idon yana da nasa halin. Ba ya tambayar filashin wa ya gani. In an je taro, duk mai 'yar kyamara a hannu da ya danna, sai namu ya amsa masa. Kafin abokina ya gama cewa matsa kaɗan, wani can baya ya kwashe hasken, mu kuma mu tsaya jiran batir ya sake cika.

"Injiniya, wannan idon naka ba shi da kamun kai," in ji shi. "Duk wanda ya ƙifta masa sai ya bi."

Ƙarshe naɗa masa kwali muka yi kamar bututu, yadda ba zai ga kowa ba sai kyamarar maigidansa.

Da wannan ido ya ɗauki hoton matar da ya aura. Lokacin tana budurwa, ta zo a yi mata hoton katin aiki. Tana da tabon ƙuna tun tana ƙarama, daga kunnen hagu har haɓa. Abokina ya dube ta, ya ɗauke sandar filashi ya mayar gefen dama. Hasken ya sauka a lafiyayyen kuncin, tabon ya nutse a inuwa. Da ya wanke hoton har leƙowa ya yi ya nuna mini, yana jin ya yi abin kirki.

Ta dawo karɓa, ta daɗe tana kallonsa. Ina jin su ta katako.

"Malam mai hoto, wannan wace ce?"

"Ke ce mana."

"A'a. Rabina ce. Ina ka kai sauran?"

Ya fara kame-kame, wai ya ga kamar za ta fi so haka. Ta ce masa ita da wannan fuskar take fita kullum, da ita take gaida mutane, ba ta roƙi kowa ya ɓoye mata ita ba. Ta ajiye hoton a kan kujera ta tafi wani shago aka yi mata irin na marin nan.

Ya bi ta ba da haƙuri, ba da haƙuri ya zama hira, hira ta zama aure. Suka haifi 'ya ɗaya mace, suna kiranta Auta. Amma ba ta sake zama a gaban kyamararsa ba. In ya roƙe ta sai ta yi dariya ta ce, "Ranar da ka koyi ɗaukar fuska cikakkiya ka kira ni." Mutumin da ya ɗauki rabin garin nan hoto, babu hoton matarsa ko ɗaya a ɗakinsa. Yana mayar da abin wasa a gaban mutane, amma ni na san yana cinsa. Sau da yawa yakan ce mini, "Ba ƙin zama take yi ba, Injiniya. Ni ne nake tsoro. In na sake kuskurewa, babu na uku."

Bara ciwon zuciya ya kwantar da shi. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi gajere, hannu ya fara rawa. Kyamararsa kuma dama ta riga shi gajiya, ta daina buɗewa, na duba na kasa. Wata Laraba bayan azahar 'yarsa ta zo shagona. Yanzu ta girma, malamar makaranta ce.

"Baba Injiniya, Baba ya ce ka zo da babban filashi da ido. Wai Mama ta yarda."

Na cire batura huɗu daga rediyon da nake saurare, na rufe shago, na shiga nasa na ɗauko filashin da idon.

Na same shi an jingina shi da matasai uku a bakin gado, an sa masa farar rigarsa. Matarsa na tsaye tana gyara ɗankwali.

"Sannu da jiki, mutumina."

"Bar gaisuwa, Injiniya, ba ni da numfashin ɓatawa. Ka zo da idon naka marar kunya?"

Niyyarsa ita kaɗai za a ɗauka. Ta ce sam. "In zan zauna, da kai zan zauna. Ba za ka ɓuya a bayan kyamara kana ba da umarni ba." Ta zauna a damarsa, kafaɗa da kafaɗa. 'Yar ta ɗora ƙaramar kyamararta ta zamani a kan tebur, irin mai nuna hoto a bayanta. Na riƙe filashi da idonsa a gefe. Ta danna, filashinta ya yi walƙiya, nawa ya amsa. Muka duba. Hoton ya fito irin wanda ya tsana, fuska kamar faranti, babu alamar haskena a ciki.

Muka jira batir ya cika, filashin yana 'yar ƙararsa kamar sauro. Muka sake. Haka dai. Na uku ma haka. Na goge idon da bakin riga, na juya shi, na rasa abin da ke faruwa, ga shi ina gani da idona yana tashi. Abokina kuwa gumi ya fara tsattsafo masa, kansa yana rinjaya.

Matarsa ta dafa gwiwa za ta miƙe. "Ku bari haka. Kuna wahalar da shi. Allah bai yi ba."

Ya riƙe mata hannu. "Zauna. Auta, sake dannawa, ni kyamarar zan kalla."

Ta danna. Ya yi murmushi.

"Na kama ta. Sau biyu take ƙiftawa. Ta fari ƙarama ce, ta gwaji, ta biyu ce ta hoto. Shi kuma wannan sarkin rawar kai yana ganin ta farin sai ya zubar da haskensa duka. Kafin kyamara ta buɗe ƙofa ya riga ya wuce."

Na ce to mu koma waya. Na juya kyamarar ta ko'ina, babu ramin da za a soka waya.

"Cire idon," in ji shi. "Yau kai ne ido."

Ya yi mana bayani a guntu-guntu, yana hutawa tsakani. A rufe taga da bargo, a toshe ƙasan ƙofa, ɗaki ya yi duhu. Auta ta kashe filashin kyamararta, ta sa ta a inda take daɗewa a buɗe, kamar daƙiƙa huɗu. Ni kuma in sa yatsa a kan jan maɓallin da ke bayan filashi. In na ji ƙas na farko, ta buɗe ke nan, in danna kafin ƙas na biyu. Ya ce haka aka fara yi tun kafin a haife mu, kuma ba ya cin ko sisi.

Muka rataya bargo. Kafin a rufe ƙofa na je na tsaya a inda na ga ya tsayar da sanda shekara talatin da suka wuce, gefen lafiyayyen kuncinta. Wallahi ban yi tunani ba, ƙafata ce ta kai ni.

"Injiniya," ya ce. "Matsa kaɗan."

Na matsa.

"Ba nan ba. Zagayo ta gefena. Ta hagunta."

Na zagaya. Yanzu tabon yana fuskantata. Ya sa na lulluɓe filashin da farar rigar matashi don hasken ya yi laushi, ya sa na ɗaga hannu sama da kansa don kada ya tare mata, na ja baya taki ɗaya. Na ga matar ta gyara zama ta ɗaga haɓa, ba tare da kowa ya ce mata ba.

Auta ta haska su da fitilar wayar hannu har kyamara ta gane inda suke, ta kashe. Duhu ya rufe mu, ba ka jin komai sai numfashinsa. Na ji ƙas. Yatsana ya ƙi motsi. Ina tsaye ina tunanin wannan ne hoto na ƙarshe da zan riƙe masa haske, har na ji ƙas na biyu.

"Injiniya, barci ka yi?"

"Yi haƙuri, mutumina."

"Shekara talatin kana cika baki kai ne mai wuta. Share hawayen ka danna mini abu."

Ban san yadda ya gani a duhun nan ba. Auta ta sake saitawa. Ƙas. Na danna. Ɗakin ya yi fari sau ɗaya, na gan su su biyu kamar an zana, sannan duhu ya dawo.

Aka yaye bargo. Auta ta miƙa wa uwarta kyamarar. Na leƙa ta bayansu. Hasken ya bi tabon tun daga kunne har haɓa, kowane layi ya fito, amma a hankali, ba sheƙi, kamar hasken taga. Ɗaya kuncin yana cikin 'yar inuwa, ana ganinsa sarai. Idanunta biyu suna kallon mutum kai tsaye. Shi kuma bai kalli kyamara ba sam, ita yake kallo.

Ta daɗe tana dubawa, kamar wancan karon. Shi ko ya kasa haƙuri.

"Maman Auta, wace ce?"

"Ni ce," ta ce. "Ka daɗe ba ka koya ba, amma ka koya."

Ya lumshe ido ya ce a zare masa matashi ɗaya, ya gaji.

Kwana tara ya ƙara. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa.

Filashin yana wurina yanzu, da robarsa, da idon a cikin kwalinsa, matarsa ce ta aiko mini. Hoton kuma an wanke shi babba, yana rataye a ɗakinta daidai inda mai shigowa zai fara gani. Shekaranjiya na je gaishe ta na tarar da wata baƙuwa tana kallonsa, tana tambayar wane shago aka yi shi.

"Maigidana ne ya ɗauka," in ji ta.

Auta ta dube ni, na dube ta. Ita ta danna kyamara, ni na danna haske. Babu wanda ya gyara mata a cikinmu, don gaskiya ta faɗa.