Yadda Darma Ta Bar Gidanmu

Babanmu tela ne, amma idan baƙo ya tambaye shi sana'arsa sai ya ɗan yi jim kafin ya amsa, domin a ransa shi maharbi ne. Shagonsa yana bakin titi a Nasarawa Gwom. Bindigarsa kuwa tana saman akwatin ɗakinsa, naɗe cikin tsohon bargo tare da takardarta. Bindigar toka ce, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, kuma gadonta ya yi wurin kakanmu da haƙar kuza ta kawo shi Jos.

Duk shekara in amfanin gona ya nuna, wani abokinsa manomi da muke kira Baban ƙauye yakan aiko cewa gyado ya hana su sakat. Gyado aladen daji ne, Baba ba ya cin sa. Sai ya harbe ya bar wa mutanen garin su yi bikinsu. In Allah ya haɗa shi da mazo ko gada, ya yanka ya kawo mana, ga buhun dankali ɗaure a bayan mashin.

Harsashinsa shi yake yin abinsa. Yakan sayo mataccen batirin mota wurin 'yan gwangwan na Dilimi, ya ciro darmar, ya narkar a kurfoti can lungun tsakar gida kusa da rariya. Sai ya zuba ta cikin wani ƙarfe mai kama da awartaki, mai rami a baki, ta fito mulmulalliya. Abin da ya ɗiga ƙasa ya daskare yana walƙiya, mu kuma muna yara mu tsince mu yi wasa da shi. Ni har taunawa na sha yi don laushinta. Wani lokaci nakan ce ko ita ce ta sa ni da lissafi ba mu taɓa shiri ba a sakandare.

Rigimar ta taso ne shekarar da 'yar Yaya ta fara rarrafe. Yaya ita ce babbarmu, tana aure a Dilimi, kuma duk Asabar a gidanmu take yini. Baba yana kiran yarinyar amaryarsa. Da ya ji sallamarsu zai bar ɗinki a hannun masu koyo ya shigo, ya shimfiɗa tabarma, ya bar ta tana ja masa gemu har ya manta da masu jiran kaya.

Wata Asabar Yaya ta ga yarinyar tana tsotsar wani abu. Ta sa yatsa ta zaro, sai ga ɗigon darma. Da ta kai ta awo ta tambayi ma'aikaciyar asibiti, aka ce mata darma guba ce ga ƙaramin yaro, ƙwaƙwalwa take taɓawa, kuma ƙurarta ma ta isa ko ba a haɗiye ba. Asabar ta gaba ta zo ita kaɗai.

"Ina amaryar?" in ji Baba, yana leƙa bayanta.

"Tana gida, Baba. Ka yi haƙuri, muddin ana narka abin nan a gidan nan ba zan ƙara kawo ta ba."

Baba ya yi dariya. "Ke ma a nan kika yi rarrafe. Ga ki nan da bakinki, har kina kafa mini doka."

"Ni na tsira, Baba. Ita ban sani ba."

Ya ɗauka fushin mako ɗaya ne. Ni na san Yaya, na gaya masa ba ta sauya magana. Ya ce ba a tambaye ni ba. Mama ba ta goyi bayan kowa a fili ba, sai dai ta daina ara masa kurfoti, ta ce gawayi ya yi tsada. Asabar ta riƙa zuwa tana wucewa. Baba yana iya zuwa Dilimi ya ga jikarsa, amma gidan suruki ne, gaisuwa ce a zaure a miƙo yarinya a karɓe. Ya je sau ɗaya ya dawo yana ta ƙorafin kujera.

Ana cikin haka Baban ƙauye ya shigo gari sayen katako, ya biyo ta gidanmu. Mama ta kawo masa shayi ta zayyana masa komai. Baba ya tari numfashinta, ya ce ai yawancin darmar ma a cikin gyado take ƙarewa, ba a tukunyarmu ba. Ni ina wanki a gefe, na kasa haɗiye maganar.

"To su masu cin gyadon ba su da yara ne, Baba?"

Mama ta harare ni. Baban ƙauye ya ajiye kofi yana dariya har da tari, ya ce da irin Hausarsa ta ƙauye:

"Malam, yarinyan nan ya kama ka. Ashe shekara da shekaru guba kake aiko mana? Matana ya taɓa fasa haƙori a kan harsashinka, har yau da gefe ɗaya yake cin masara."

"Kai da ka cinye rabin aladun dajin nan ga ka daram."

"Ni tsohon mota ne, ba abin da zai lalace kuma. Amma jikoki yana nan cike da gida."

Washegari Baba ya dawo daga wurin masu gyaran janareto da guntayen jan ƙarfe masu kaurin ɗan yatsa, ya ce da su zai riƙa yin harsashi.

Nan wahalata ta fara. Jan ƙarfe ba ya narkewa a wutar gida. Sai dai maƙeri ya yanka shi gunduwa-gunduwa, sannan a zauna da magagari ana gogewa har ya mulmule ya yi daidai da bakin bindiga. Yatsun Baba kuma sanyin Jos ya riga ya cinye su, da safe ko zare ba ya iya sa wa allura. Ni ce a gida, na gama makaranta ina jiran sakamako, don haka ni aka miƙa wa magagarin.

Ba ni da haƙurin irin wannan aiki, kowa ya sani. In na goga na miƙa masa, sai ya ɗora a farantin shayin Mama ya ɗan karkata shi. In ya gangara sumul ya jefa a gwangwani. In ya yi tangaɗi ya turo mini ba tare da ya dube ni ba. Bayan nan ya ɗauko ɗan ma'aunin kakanmu na lokacin kuza ya gwada nauyin kowane da ɗan'uwansa.

"Baba, gyadon zai tsaya ya auna ne kafin ya mutu?"

"Zai tsaya ya auna ni in na kuskure shi. Goge nan gefen."

Tafin hannuna ya yi kanta, farcena ya koma kore. Amma zaman bai yi mini muni kamar yadda nake nunawa ba. Rediyo yana yi ƙasa-ƙasa, Mama tana tsince acca, shi kuma yana ba ni labarin dajin da yanzu duk ya zama gidaje.

Ya sayo ɓallin katako mai kauri a kasuwar Katako ya tafi bayan gari cikin duwatsu ya gwada. Ya dawo fuska ba walwala. Ya ce jan ƙarfe bai kai darma nauyi ba, in da nisa ƙarfinsa ƙarewa yake kafin ya isa. Inda ya saba tsayawa ya yi harbi ba zai yiwu ba kuma, sai ya matsa kusa da naman sosai. Mama ta ce mutum mai ciwon gwiwa ba shi da abin nema kusa da haƙoran gyado. Abokan farautarsa kuma suka samu abin yi. In sun wuce shago sai su ɗaga murya, "Malam, an ce yanzu da warwaron mata kake harbi?"

Ya tafi farautar shekarar da gwangwanin jan ƙarfensa. Ya dawo da buhun dankali kawai. Ya ce ya ga gyado, babba, yana ƙoƙarin matsawa iska ta juya, gyadon ya ji warinsa ya gudu. Wani matashi cikin abokan farautarsa ne ya samu nasa gyadon. Na jira in ji ya ce zai koma wa darma, don na san akwai ragowar tsofaffin harsasai a ƙarƙashin gado. Da safe sai na ga ya ƙulle su a leda tare da ƙarfen zubin ya kai wa 'yan gwangwan. Da ya dawo ya ɗauki shebur ya kankare ƙasar lungun nan har ya tarar da jar ƙasa, ni na riƙa kwashewa a baro. Ya kira birkila aka malale wurin da siminti.

Bai aika wa Yaya ba. Ni na kira ta na ce, "Ke, ya isa haka. Tsohon nan ya yi abin da kika ce har da ƙari."

Ta zo ranar Asabar da yarinyar a goye. Ta gaishe da kowa, ta zagaya lungun, ta taka simintin, har ƙarƙashin gadon Baba ta leƙa ba kunya. Shi yana zaune a tabarma kamar ba ya gani. Sannan ta kwance majanyi ta sauke ta. Yarinyar ta fara tafiya a watannin nan, ba mu sani ba.

Baba ya miƙa hannu. "Amarya, zo mana."

Ta dube shi, ta dubi gemun, ta fashe da kuka ta ruga ta ƙanƙame ƙafar uwarta. Ta manta shi.

"Ɗauke ta kawai, Baba, za ta yi shiru," na ce.

"Bar ta."

Ya janye hannunsa ya gyara zama. Aka aiko daga shago cewa mai kaya yana jira, ya ce a ba shi haƙuri. Muka ci abincin rana, aka yi azahar, ya dawo ya zauna inda yake. Yarinyar tana leƙensa ta bayan zanen uwarta, in sun haɗa ido ta ɓoye. Wajen la'asar ta tako har bakin tabarmar ta tsaya, ta ɗauki takalminsa ɗaya ta kai wa Mama. Ta dawo ta ɗauki ɗayan. Da ta dawo karo na gaba ba sauran abin ɗauka, sai ta zauna a gefen tabarmar ta ba shi baya. Baba ya ce mini a hankali in je in gaya wa masu koyo su rufe shago.