Malam Mainasara da Darasin Baƙo

Duk wanda ya yi elementare a Tungar Sallau, can bakin kogin Kwara a ƙasar Yawuri, tun ana shirin karɓar mulkin kai har zuwa lokacin da aka datse ruwa a Kainji, ya san Malam Mainasara. Dogo ne siriri, mai farar riga da ta sha bula, da alƙaluma jere a aljihun gaba, ɗaya ne kawai mai tawada a cikinsu. Ubansa masaƙin taru ne a Yelwa. Shi kuwa ya yi elementare, ya leƙa makarantar Midil, lissafi ya koro shi, hukumar En'e ta ɗauke shi aikin malanta tun gemu bai tsiro ba. A zamanin, duk wanda ya iya rubuta sunan hakimi ba kuskure ya isa a ba shi alli.

Abu ɗaya ne Malam bai taɓa mallaka ba, shi ne satifiket na malanta. Ya sha zama jarrabawar, ya sha dawowa yana cewa masu duba takardu ba su gane amsarsa ba saboda ta yi musu zurfi. Daga baya ya daina zuwa, ya ce shi ya wuce nan. Abin dariyar kuwa, mutumin nan da bai da takarda shi ne ya zama ƙofar da kowane mai neman takarda ke bi.

Ga yadda abin yake. In saurayi ya gama kwalejin horon malamai, ba a miƙa masa satifiket nan take. Sai an tura shi ƙauye ya yi shekara a ƙarƙashin tsohon hannu, sannan sufeto ya zo ya zauna a bayan aji ya ga yadda yake koyarwa. In ya gamsu ya sa hannu, in bai gamsu ba a ƙara wa yaro wata shekarar. Su ake kira malaman gwaji. Aka lura cewa duk wanda aka tura Tungar Sallau ba ya faɗuwa, sai ofishin ilimi ya shiga tura su can bi da bi, har aka laƙaba wa Malam suna Uban Gwaji. Sunan ya yi masa daɗi ƙwarai, in ba ka kira shi da shi ba sai ya yi kamar bai ji sallamarka ba.

Malamin gwaji yakan iso da akwati cike da littattafai da kai cike da dabarun koyarwa. Malam zai bar shi ya gama zuba, sannan ya ce, "Wanga duk na littahi na, ɗana. Aje shi." Daga nan horo ya fara. Yaro zai koyi kai kujerar Malam gindin ɗorawa kafin rana ta ɗaga, ya koyi buga ƙarfen tashi, ya koyi zaɓen bandar kifi a bakin ruwa ba tare da an cusa masa ruɓaɓɓe ba. Sai sufeto ya kusa zuwa, Malam zai kira shi gefe, ya rage murya, ya buɗe masa asirin.

"Kowane gida na kirki shina da tabarmar baƙo," in ji shi. "Ba a zama bisanta sai ran da anka yi baƙo. Haka darasi. Akwai na kullum, akwai na baƙo."

Darasin baƙo guda ɗaya ne tak, kuma Malam ne ya ƙirƙiro shi, darasin tsibiri. Tagar aji uku tana kallon kogi, a tsakiyar kogin kuma ga Gungun Tamada zaune da giginyunsa da gonakin albasa, inda Gungawa ke zaune tun kaka da kakanni. Malami zai fara da ƙananan tambayoyi, sunan kogi, inda ya fito, inda ya nufa. Sannan ya ɗaga murya ya ce, "Mene ne tsibiri, wato gungu?" Yaro ya miƙe ya ce, "Ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye ta ko'ina." Nan take malami zai juya, ya miƙa hannu ta taga, ya ce, "Ga shi can!" Sufetoci suna mutuwar son wannan wurin. Sai ka ga suna gyaɗa kai suna rubuta cewa malami ya yi amfani da abin da yara ke gani da idonsu.

Sauran asirin yana hannun yara. Doka ce, in an yi tambaya gaban baƙo kowa ya ɗaga hannu. Wanda ya san amsa ya ɗaga dama, wanda bai sani ba ya ɗaga hagu. Sufeto daga baya zai ga hannuwa birjik kamar karan gero, malami kuma ya san inda zai ɗauka.

A cikin duk waɗanda suka bi ta hannun Malam, mutum ɗaya ne ya taɓa yin gardama, wani Maikuɗi, mutumin Ngaski, mai yawan tambaya. Ya ce, "Malam, to su masu hagun, yaushe za a koya musu?"

Malam ya dube shi sama da ƙasa. "Kai satihiket kaz zo nema ko yara?"

Maikuɗi ya haɗiye maganarsa, ya haddace darasin tsibiri, ya ci gwajinsa a shekarar da aka sauke tutar Turawa. Ya yi gaba, ya ƙaro karatu, ya zama hedimasta, ya zama sufeto. Haka sauran ma, kowa ya wuce ya bar Malam a gindin ɗorawa yana lissafa su ga duk wanda ya tsaya saurare. "Ni nih haihe su," yakan ce, yana dukan ƙirji. Matarsa Asibi, wadda Bagungiya ce haifaffiyar Gungun Tamada, takan ce daga bakin murhu, "Awo, kai kah haihe su, su ad da takarda." A kasuwa ya gan ta tana sayar da albasa, danginsa suka je neman aure, domin shi tsoron jirgi yake ji. Shekara da shekaru yana nuna gungun nan da yatsa, bai taɓa taka shi ba.

Ana nan aka gama madatsar Kainji, ruwa ya fara hauhawa. Aka tashi Tungar Sallau aka mayar da ita kan tudu, aka gina sabuwar makaranta ta siminti, tagoginta na kallon ruwa kamar na da. Mutanen Gungun Tamada aka kwaso su da awakinsu da turamensu aka zuba su a jerin gidajen gwamnati kusa da garin. Suna tsaye a kan tudu suka ga ruwa ya ci gonakin albasa, ya ci rumbuna, ya ci makabarta, har kan giginya ya ɓace. Asibi ta yi kwanaki ba ta iya cin abinci. Malam ya ba ta haƙuri da cewa ai ci gaba ne, za a samu lantarki. 'Ya'yan Gungawa kuwa suka cika bayan ajinsa, Hausarsu a karye, ba sa magana sai an matsa musu. Malam ya yanke hukunci tun ranar farko cewa kawunansu duk ruwa ne.

Ba a daɗe ba sai ga sabuwar doka daga ma'aikatar ilimi a Sakkwato. Duk malamin da bai da satifiket za a zo a ga darasinsa. In ya ci a ba shi shaidar izinin koyarwa, in ya faɗi ya ajiye alli ya koma gida. Malam ya ji abin har cikin ƙashinsa, domin in aka raba shi da aji bai san ko wane ne shi ba. Bai iya noma ba, bai iya su ba, tarun ubansa ma bai koya ba. Amma da ya ji sunan sufeton da zai zo, sai ya yi dariya har da tafi. Maikuɗi ne.

"Ɗana na," ya ce wa Asibi. "Darasin baƙo zan shimhiɗa mai."

Asibi ta ce, "Wane gungu za ka nuna musu?"

"Ke mi kis sani ga aikin makaranta? Gungu cikin darasi shike."

Bai ma tsaya yin bita ba. Wa zai koya wa Uban Gwaji darasin da shi ya haifa? Ya dai tuna wa 'yan gari na bencin gaba amsoshinsu, ya faɗa wa na baya dokar hannu da ƙarfi, kamar mai yi wa kurma magana. Wanda ya sani dama, wanda bai sani ba hagu.

Ranar ta zo, Landiroba ta tsaya a ƙofar makaranta da hantsi. Maikuɗi ya fito, ya yi ƙiba, ya rusuna ya gaida Malam yadda ya kamata. Amma ba shi kaɗai ba ne. Tare da shi akwai wani jami'i daga ma'aikata, mai tabarau, wanda fuskarsa ba ta san dariya ba. Suka zauna a bayan aji. Malam ya gyara riga, ya fara.

Wallahi ya iya abinsa. Murya ta fita tar, alli na gudu a allo. Ya tambayi sunan kogi, hannuwa suka tashi, dama a gaba, hagu a baya. Ya tambayi ƙasar da kogin ya faro, haka. Komai na tafiya sumul, har Malam ya fara jin tausayin kansa da ya taɓa damuwa. Sai mai tabarau ya ɗaga alƙalami ya ce, daga yanzu malami ya yi tambaya, amma sufeto ne zai zaɓi mai amsa.

Malam ya saci kallon Maikuɗi, Maikuɗi ya ɗan lumshe ido. Ai ya san dokar gidan, da ita ya ci abinci. Hankalin Malam ya kwanta, ya ja numfashi, ya saki babbar tambayar.

"Mene ne tsibiri, wato gungu?"

Hannuwa suka tashi. Malam ya duba. Babu hagu ko ɗaya. Tun daga bencin gaba har bango, dama ce zalla, 'ya'yan Gungawa har ɗagowa suke daga zaune suna miƙa hannu. Ba su karya doka ba. An ce wanda ya sani ya ɗaga dama, su kuwa tun da aka sa su makarantar nan ba a taɓa tambayarsu abin da suka sani ba sai yau.

Maikuɗi ya ga dama ko'ina, ya ɗauka tsohon ya yi aiki ne na musamman. Don ya ƙara wa ubangidansa daraja a idon baƙo, sai ya tsallake 'yan gaba, ya nuna wata yarinya a can ƙurya, Hansatu, wadda Malam bai taɓa jin muryarta ba.

Ta miƙe, ta ce a hankali, "Ƙasa ta wadda ruwa yac canye."

Kunnen Malam ya ji, amma jikinsa ya riga ya saba. Shekaru masu yawa, da an ba da amsa sai juyi. Kafin ya ankara ya juya, hannu ya miƙe ta taga, baki ya ce, "Ga shi can!"

Kowa ya duba. Ruwa ne shimfiɗe har inda ido ya tsaya, ba giginya, ba tudu, sai wani jirgin masunta can nesa. Sai wani daga baya ya nuna da yatsa ya ce wani abu da Gunganci, wata ta ce a'a, ta nuna gefe. Nan da nan suka taru a taga suna gardamar inda gidan wa yake, inda aka binne kakar wa. Hansatu ba ta je ba, tana tsaye inda take, hawaye na zuba, tana jiran a ce mata ta zauna. Malam yana riƙe da alli. A duk rayuwarsa bai taɓa koyar da minti ɗaya gaban baƙo wanda bai haddace ba, darasin baƙo kuma ba shi da layi na gaba in amsa ta sauya.

Mai tabarau ya jira har aka yi shiru, sannan ya ce, "To, Malam, yarinya tana jira. Amsarta daidai ce ko kuskure?"

Malam ya buɗe baki. In ya ce daidai, littafi ya ƙaryata shi. In ya ce kuskure, taga ta ƙaryata shi. Ya ɗaga hannu zai gyara hula, hannun ya tsaya a sama ya manta abin da ya je yi. Hannun hagu ne. Yara suka gani. Dariya ta fara daga bencin gaba, ta bi aji har baya, har Hansatu mai kuka sai da ta rufe baki. Mai tabarau bai gane abin da ake wa dariya ba, ya dai ci gaba da rubutu. Maikuɗi ya gane, ya sunkuyar da kai, kunya ta kama shi kamar shi ne a gaban allo.

Ba a ba Malam shaidar ba. Mai tabarau ya faɗa masa a tsaye, cikin ladabi, cewa a ƙarshen zango zai miƙa ajin ga wani. Har yau tsofaffin Tungar Sallau in ka tambaye su abin da ba su sani ba sukan ɗaga hagu su ce, "Na Malam," jikokinsu na yi ba su san mafarin ba. Shi kuwa ya rayu shekaru bayan haka a ƙofar gida, da alƙalumansa a aljihu, yana tsare wa Asibi tiren albasa.

Amma kafin motar ta tashi a ranar, Maikuɗi ya zo ya tsuguna gabansa yin sallama. Malam ya dube shi, idonsa ya kaɗa, ya ce, "Kai ma kas sa hannu ga takardar sallamata?"

"Na sa, Malam. Ba ni da yadda zan yi."

"To hwaɗa min, da wane darasi kac ci naka satihiket?"

Maikuɗi ya ɗago kai. "Da shi wanga, Malam," ya ce. "Amma lokacin akwai gungu."

Ya tashi ya shiga mota. Sauri suke yi, domin a wata makaranta wajen Shanga akwai malamin gwaji da ke jiransu, hedimastansa kuma tsohon ɗan gwajin Malam ne, ya riga ya sa shi ya haddace darasin tsibiri tsaf.