Ƙafafun Babur ɗin Baba

Ranar wata Juma'a ce a farkon damunar 1972, shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, Baba ya kife turminmu a tsakar gida a Gusau, ya kira maƙwabta biyu suka taya shi ɗora cikin babur ɗinsa a kai, tayar gaba ta tashi sama tana lilo. Goggo Mairo, yayarsa da ke riƙe da gidan a lokacin, ta tsaya bakin madafa da taɓarya a hannu tana mita, wai yau a kan me za a daka fura, a kan gwiwarta? Ko kallonta bai yi ba. Ni kuwa, 'yar shekara tara, murna kamar ta kashe ni, domin da bakinsa ya gaya mini da safe cewa in ya gama gyaran nan, ranar Lahadi zai goya ni mu tafi Karakkai in ga Inna.

Wata uku ke nan rabona da mahaifiyata. Ciwon kumburi ya kama ta, an yi na asibiti bai ji ba, sai danginta suka zo suka ɗauke ta zuwa gida, can bayan Bungudu, a gwada na gargajiya. Tun da ta tafi aikinta ya dawo kaina. In ɗebo ruwa a famfo kafin in tafi firamare, in dawo in yi surfe, in share turken awaki, in zauna gindin rariya da tulin tukwane. Ƙawayena suna ƙofar gida suna carafke, da yamma su kafa gaɗa, ni ina jiyo su ta kan katanga hannuna cikin toka. Ban damu ba, domin a wanke-wanke nake da suna. Inna ce ta koya mini: a jiƙa soso, a dangwali toka, a haɗa da yashi mai laushi, a dirji gindin tukunya har mutum ya ga fuskarsa. Ko Goggo, da ba ta iya yabo ba, takan ɗaga kwano ta juya shi ta ce, “Luba dai ba ta barin datti ya kwana.”

Baba malamin gona ne, babur ɗin nan kuma shi ne ƙafarsa, da shi yake zagaya Tsafe da Bilbis da Wonaka yana duba auduga. Mutum ne mai taurin kai da ba ya son a ce ga abin da bai iya ba. Bai yarda da bakanike ba, cewa yake duk maɓarnata ne. To ga shi ƙafar gaba ta hagu, wadda su ke kira shakazoba, ta fara yoyon mai, in ya faɗa rami sai kan babur ya buga har haƙoransa su haɗu. Ya sayo sababbin robobi biyu masu tare man, ya ce shi zai yi abinsa. Ina tsugune ya cire taya, ya kwance manyan notinan sama da sifana, ya zaro ƙafafun biyu, ya tsiyaye tsohon man cikin gwangwani, baƙi ƙirin, yana wari. Daga ciki ya fito da sifirin dogo, wato murɗaɗɗen ƙarfe mai lotsawa, da zobba ƙanana, da tsohuwar robar da ta tsage. Ba shi da littafi ko zane. Dabararsa ita ce ya jera kowane abu a kan tabarma bisa yadda ya fito, na farko a dama, na ƙarshe a hagu, don in ya zo mayarwa ya bi layin ta baya. Da ya ɗaga bututun ƙarfe biyu masu ƙyalli na ƙafafun, sai ya ga ɗigo-ɗigon tsatsa a jikinsu, ya yi tsaki ya ce, shi da kansa yake magana, “Wagga tsatsa ita ka cin robar.”

Ya yi wanka ya tafi masallaci. Bai ce kada a taɓa ba. Na sha juya wannan a raina shekara da shekaru, kuma har gobe ina nan kan bakana: bai ce ba. Goggo ta shiga ɗaki ta kwanta, hadari ya fara haɗowa daga gabas. Na dubi kayan nan a fili, na ce ruwa zai jiƙa su, na tattara duka na zuba cikin kwano ɗaya na kai rumfa. Sannan na tuna da tsatsar. Tunda ita ce damuwar, ai aikin ya zo gidan gwanaye. Na ɗauko sosona da tokata, na ɗebo yashi, na rungumi bututun nan tsakanin gwiwoyina, na dirje su ɗaya bayan ɗaya, daga sama har ƙasa, har kafaɗuna suka yi tsami. Tsatsa ta fita tas. Na ɗauraye su, na jingine a bango, na zauna ina jiran a yaba mini, ina lissafin cewa watakila ma a tafi gobe Asabar.

Da ya dawo, tabarmar ya fara gani wayam. Sannan ya ɗauki bututu ɗaya ya kai shi cikin haske, ya ja farcen babban yatsansa a jiki. Har inda nake na ji ƙarar, kir-kir, kamar an ja farce a kan faifai. Ya tambayi wanda ya yi, na ce ni ce, da fara'ata. Wallahi da fara'ata. Ashe ƙyallin nan wani rufi ne mai santsi da robar ke zamewa a kai, ni kuwa na karce shi da dubban zane. Duk yinin Asabar yana kan tabarma yana gwada zobba, ya sa wannan ya cire, ya juya wancan, gumi na ɗiga daga gemunsa, har dai ya gano jerinsu. Ya shafa wa sababbin robobin mai, ya buga su a hankali da guntun itace, ya mayar da sifirin, ya auna sabon mai da kwalbar magani ya zuba, ya ɗaure noti. Aka sauke babur daga turmi, ya riƙe birki ya danna kansa ƙasa. Sau biyar ya danna. A na shida mai ya tsattsafo, ya gangaro ta ƙafafun duka biyu, har da ta daman da dā lafiyarta lau.

A nan ne ya juyo. Na yi zaton bulala ce, na ma fara matse jiki, kuma da ya dake ni da ya yi mini gata. Sai ya nuna ni da sifana ya ce, “Wallahi ba ki taka Karakkai sai ranar da babur ɗin ga ya tashi.”

Ya sake kwance ƙafafun, ya ba wani direban babbar mota su ya kai Kano a nemo irinsu. Babur ya koma kan turmi ya zauna gurgu, Goggo tana aron na maƙwabta. Mako ɗaya, biyu, huɗu. Kullum in na taso daga makaranta sai in biya ta tasha in leƙa ko direban ya dawo. Sau biyu Baba ya shiga motar haya zuwa Bungudu ya ƙarasa da ƙafa ya dubo Inna, ina tsaye a zaure da ɗan ƙunshin kayana ya wuce ni. Goggo ta roƙe shi, ta ce masa rantsuwa ai tana da kaffara, ya ciyar da miskinai goma ko ya yi azumi uku ya tafi da yarinya, uwarta na ta cigiyarta. Ya ce shi ba ya magana biyu. Gero cike da rumbu, azumi uku kuma ba ya kashe mutum, amma girman kai ya hana. Wannan nake jin ɗacinsa, fiye da komai.

A mako na shida, da hantsi, wani ƙanen Inna ya yi sallama, ƙafafunsa duk taɓo. Ban ji abin da ya faɗa ba, salatin Goggo kawai na ji. An riga an binne Inna tun jiya da la'asar. Baba ya bi shi suka tafi, kuma ko a ranar bai tafi da ni ba. Sababbin bututun suka iso bayan kwana goma sha biyu. Ya haɗa su shi kaɗai, a cikin zaure, ƙofa a rufe. Ranar sadakar arba'in ya tayar da babur ya ce in hau. Na hau, na riƙe ƙarfen baya, na ƙi riƙe rigarsa. Gyara ya yi kyau, ba ƙarya, muna faɗawa rami babur na lotsawa yana tasowa kamar katifa. Mun bar Gusau bayan azahar, muka isa Karakkai ba a kira la'asar ba. Ashe nisan ke nan. Kakata ta rungume ni tana kuka, ta ce har bakin Inna ya daina buɗuwa, in ta ji ƙarar babur a hanya sai ta juya kai wajen ƙofa.

Baba ya rayu shekara talatin bayan haka, bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka. Da ya kwanta ciwon ajali ya nemi gafarar kowa a dunƙule, na ce na yafe tare da sauran, domin abin da ake faɗa ke nan. Yanzu babura sun cika Gusau har sun yi yawa, kowane lungu da mai sayar da kayansu, abin da muka jira wata biyu yaro zai miƙo maka shi kafin ka gama gaisawa da ubangidansa. Akwai waya kuma, 'yata da ke aure a Tsafe ko zazzaɓi na yi sai ta kira ni sau uku. Nakan amsa mata da daɗi, in ajiye wayar. Na girmi Inna yanzu da shekara talatin, kuma muryarta ta ɓace mini.