Ƙarfen da ke sunkuyawa

Mahaifina maƙeri ne, kuma a maƙerarsa ta bayan kasuwar Maraɗi na girma. Makarantar boko ban daɗe a cikinta ba, na iya karatu da rubutu na koma bakin wuta. A zamaninmu babu abin da ake kawo mana mu ce ba mu iya ba. Ƙarfen mota ya karye, haƙorin injin niƙa ya cinye, mu duba, mu zuba ko mu ƙera wani. Abin da muke taƙama da shi guda ne: namu ya fi na asali kauri, ya fi shi ƙarko.

Shekarun da jam'iyyu suka fito, yajin aiki ya yi yawa, sannan aka karya darajar kuɗinmu sefa, kayan Faransa suka ɓace daga kantuna. A cikin abin da ya ɓace har da dijonkta, wato ɗan baƙin akwatin nan mai hannu da ake sa wa a gaban inji, wanda ke yanke wutar lantarki da kansa.

Ina da taubashi, ɗan ƙanwar mahaifina, haifaffen Tsibiri, amma a Jiratawa ya zauna. Manoman rani na ɓangarensu shi suka damƙa wa makullin ɗakin famfo. Shi ke kunna injin da ke jawo ruwa daga rijiya zuwa gonakin tattasai da alkama, shi ke kashewa. Yana ji da wannan makulli, a wuya yake rataye shi.

Wata safiya ya sauko daga kabu-kabu da abu naɗe a tsumma.

"Bawana, ajiye masabar nan, ubangidanka ya zo."

"Wane ubangida, mai tsaron rijiya? Mi ka kawo?"

Ya warware. Dijonktan famfonsu ne, jikinsa ya tsage, bakin da wuta ke bi ya ƙone. Ya ce ya zagaye Maraɗi babu, wani Alhaji ya aika har Kano an dawo hannu wofi, masu kanti kuma kullum sai su ce jirgi yana hanya. Tattasai ya fara fure, ba zai jira jirgi ba.

"Kai da ke cewa Nasara bai fi ka komi ba," in ji shi, "ga ranarka."

Na kwance shi a kan tabarma. Ban taɓa ganin cikin abu mai tsari haka ba. Komai ƙanana, komai ya zauna a gurbinsa, ko gashi ba zai ratsa tsakani ba. Na ƙera sabbin bakuna da jan ƙarfe, na yanko jiki daga kwankon tsohon batir. Sai na iso ga wasu 'yan ƙarafa uku, sirara kamar ganyen kaba, waɗanda wuta ke ratsawa ta jikinsu. Na yi dariya. Na ce ga rowar Turawa, inji kamar saniya a ɗora wa wannan siririn abu. Na cire su, na sa jan ƙarfe mai kaurin ɗan yatsa.

Ya yi aiki. Taubashina ya ɗaga hannun, ruwa ya taho, manoma suka yi ta sa mini albarka. Da ya zo kasuwa ya ce, "Na Nasara kullum faɗuwa shikai kamar mai farfaɗiya. Naka ko sau ɗaya bai faɗi ba." Na ji daɗin maganar nan ƙwarai.

Ƙarafan uku kuwa suna nan yashe a gefen murhu. Wata rana da hantsi ina zuga wuta, idona ya kai kan ɗaya da ya gangaro kusa da garwashi. Sai na ga yana motsi. Babu mai taɓa shi, amma yana lanƙwasa a hankali, yana sunkuyar da kai. Na janye shi da awartaki na ajiye a ƙasa mai sanyi, ya miƙe ya koma yadda yake. Na mayar, ya sake sunkuyawa. Tun ina yaro nake dukan ƙarfe, ban taɓa ganin wanda ya lanƙwasa don kansa ba, balle ya dawo.

Na goge gefensa da magagari, na kai shi rana. Ashe ba ƙarfe ɗaya ba ne. Biyu ne, fari da ja-ja, an manne su baya da baya, babu dalma, babu ƙusa, babu alamar guduma. Ɗaya ya fi ɗaya saurin miƙewa in ya ji zafi, shi ya sa suke karkata. Na zauna ina juya shi, ina tunanin mutumin da ya san halin ƙarafa har ya haɗa biyu masu saɓani ya sa su aiki. In inji ya wahala, wuta ta yi yawa, ƙarfen ya ɗumama, ya sunkuya, ya ture maƙalin da ke riƙe da hannun, wuta ta yanke. Faɗuwar nan da muke yi wa dariya ita ce aikinsa. Ni kuwa na ƙera wanda ba ya faɗuwa.

A ranar ya kamata in hau kabu-kabu zuwa Jiratawa. Ban je ba. Na kira maƙwabta ina nuna musu abin al'ajabi, na ce wa raina sai ranar kasuwa in taubashina ya shigo. Albarkar da manoma suka sa mini ce ta yi mini nauyin warwarewa.

Kafin ranar kasuwa yashi ya toshe famfon. Injin ya yi ta gurnani, dijonktana ya tsaya ƙyam yana ba shi wuta har hayaƙi ya fito. Kafin a sake naɗe wayar injin da ta ƙone a dawo da shi, furen tattasai ya zube. Manoma suka zauna, suka karɓi makullin daga wuyan taubashina. Sun san wanda ya yi gyaran, amma taubashina ya hana a zo wurina. Ya ce shi aka ba amana, shi ya kai.

Na sha gwada manna ƙarfe biyu irin haka, kullum sai su rabu a wuta. Daga baya dijonkta ya cika kasuwa, daga ƙasashe masu nisa, ta Najeriya. Duk wanda ya shigo hannuna sai na buɗe. Wasu da ƙarfen a ciki. Wasu kuwa waya ce kawai miƙe, irin aikina, sai fenti mai kyau.

Taubashina bai sake riƙe makullin ba. Ya daɗe bai tako maƙera ba, ranar da ya zo kuma ban iya kallon wuyansa ba. Na ɗauko ƙarfen na ajiye kusa da garwashi, na faɗa masa duka, har da ranar da na gani na ƙi zuwa. Ya tsuguna yana kallo har ƙarfen ya sunkuya, ya janye shi, ƙarfen ya miƙe. Ya mayar da shi da kansa.

"Ikon Allah," ya ce. "Wanga ɗan abu ya san inda ƙarhinshi ya tsaya. Bawana, ba ni ɗaya in tahi da shi."

Na ba shi ɗaya. Biyun suna wurina.