Kafilina da Godiyar da Ke Tsoron Ruwa

Yau da safe na ga kafilina, maigidan da nake aiki a ƙarƙashinsa a nan Jidda, tsamo-tsamo cikin ruwa da farar jallabiyarsa.

Ni ke kula da dawakinsa a bayan unguwar Khumra. Yanzu zafi, babu gasa, sai horo. Akwai godiyar da ke tsallake kowane shinge, amma da ta ga ramin ruwa sai ta toge. Ya rantse in ba ta shiga ba kafin a buɗe gasa, sayar da ita zai yi. Ni kuwa duk Jidda ita kaɗai ke murnar jin muryata.

Sai ga shi ya shiga ramin, yana jan linzami a hankali: "Yalla, 'yata."

Na ce, "Ya ammi," wato baffa, "ba ka ce halas, ka gama da ita ba?"

Ya ce, "Tsoro take ji, ya Isa. Ba inda za ta. Riƙe mini takalmin."

Ta bi shi har tsakiya.

Mutumin nan bai taɓa tambayar lafiyar iyalina ba, ban kuma manta ba. Amma yau ya kyauta, dole in faɗa.

Ku fa, wanda ya ɓata muku ya taɓa ba ku mamaki haka?