Randa Mai Ƙaramin Baki

Ban iya rubutu ba. Maƙwabciyata ce, tsohuwar malamar firamare da ta zo daga kudancin Kaduna tun muna da ƙarfinmu, take rubuta abin da nake faɗa. Idan kuka ya zo mini, sai ta ajiye biro ta jira.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, likita ake ce masa, amma ban taɓa ganin ya yi wa kowa allura ba. Aikinsa bin sawun cuta ne, ya gano ta inda take shigowa. Wata damina amai da gudawa suka faɗo mana a unguwarmu ta Wambai, aka yi ta rufe yara. Kowa ya ce rijiyoyi ne. Shi kuwa sai ya bi gida-gida da ƙananan kwalabe, yana ɗiban ruwan rijiya, da na 'yan garuwa, da na randa. Har tawa bai ƙyale ba.

Ranar da sakamakon gwajin ya fito, ya tsaya a kan randata yana jujjuya moɗa.

Ya ce, "Hajiya, ruwan rijiyarmu ya fi na randarki tsabta."

Na ce, "To, sannu. Duk karatun da aka yo a ƙasar waje, a randata ya ƙare?"

Ya yi dariya. "Ba laifinki ba ne. Duk wanda ya tsoma moɗa, hannunsa na bin ta."

Na yi fushi, amma bai daddara ba. Ya nemo wata Bagwariya mai ginin tukwane a wajen Diko, ta gina masa randa mai ƙaramin baki wanda hannu ba ya shiga, aka sa ɗan famfo a gindinta. Waɗanda ta fara ginawa duk yoyo suka yi. Wadda ta zauna daidai, ita ya kawo mini, ya ɗora ta a kan rairayi a kusurwar rumfa. Daga nan aka raba irinta a unguwanni, ɗalibansa suna bi suna duba ko gudawar yara ta ragu. Ta kuwa ragu. Ya rubuta abin da suka gani, aka buga, har na ji an ce a wasu ƙasashen ma an ɗauki dabarar. Ni dai abin da na sani, ɗaliban nan a tabarmata suke cin tuwo, kuma suna da ci.

Yanzu ya tafi. 'Ya'yanmu suna nesa, sai dai waya. Gidan ya yi mini yawa. Idan na murɗa famfon nan, ƙarar ruwan a cikin kofi ita ce irin wadda nake ji duk lokacin da ya dawo daga aiki, don ko takalmi ba ya cirewa sai ya sha. Wani lokaci ba ƙishi nake ji ba, murɗawa kawai nake yi.

Bana wata ɗalibarsa ta zo. Ta zama farfesa, ga furfura, amma har ƙasa ta durƙusa ta gaishe ni. Ta ce an gina ɗakin karatu a jami'arsu da sunansa, suna so su ajiye randar a can, masu tasowa su ga inda aikin ya faro.

Na ce, "Ku ɗauki littattafansa mana. Ga su nan cike da ɗaki, ni ba karanta su zan yi ba."

"Mama, littattafan muna da irinsu. Randar ce babu ta biyu."

"Za ku riƙa zuba mata ruwa?"

Ta sunkuyar da kai. "A cikin gilashi za ta zauna, Mama."

Na ce ta ba ni lokaci. Na yi ta juya maganar ni kaɗai. Raina bai so ba ko kaɗan. Amma na tuna idan na mutu, sayar da gidan za a yi, mai saye kuma tarkace zai gani a kusurwar rumfa, ya sa a fitar. Waɗannan ko ba komai sun san ko ta wane ne.

Da suka dawo da mota, na tsiyaye sauran ruwan na sha, na naɗe randar da bargonsa na ce su tafi da ita har da bargon. Ban raka su ƙofa ba.

Yanzu ruwan leda nake sha, ana kawo mini jaka-jaka. Ba ya da sanyin ƙasa, ba ya yin ƙarar nan. Gurbin gindin randar yana nan a kan rairayin. Maƙwabciyata ta so ta share wurin, na ce ta bari tukuna.