Gwaggo Tabawa da Shekarun Maimuna

Duk wanda ya tashi a Sheshe ya san Gwaggo Tabawa ba ta amsa gaisuwa sai ta haɗa wa mutum da shekarunsa. Za ka durƙusa ka ce mata ina kwana, ta dube ka ta ce, "Lafiya lau, mai arba'in da biyu." Ko da baƙi kake, ko da surukai, ba ruwanta. Ita ce ungozomar unguwa. Rabinmu ita ta yanke mana cibiya, sauran kuma tana tsakar gidan aka haife su. Ba ta taɓa riƙe biro ba, amma ka tambaye ta haihuwar kowa, za ta ba ka rana da wata, ta ƙara maka da abin da aka dafa a gidan ranar.

Ƙanwar mahaifina ce, don haka na fi kowa shan wannan hali nata. Lokacin ina yawo da shadda a kafaɗa, wani babban ɗan kasuwa a kasuwar Kwari yana neman wanda zai riƙe masa shago. Na tara ɗan gemu, na je na ce masa shekarata ashirin da biyar. Magana ta kusa faɗawa ke nan sai ga Gwaggo ta zo sayen kallabi. Ta gaishe da Alhajin, ta juyo ta ce mini, "A'a, mai sha tara, me kake yi a nan?" Shagon nan wani aka ba. Na yi wata guda ban taka gidanta ba. Ranar da na huce na je, ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Sannu da fushi, mai sha tara da wata ɗaya."

Da soja suka sauka aka dawo siyasa, wani yaro a unguwarmu ya fito neman ciyaman. Kujerar nan sai mai talatin. Ya zo da jama'arsa da makaɗa neman albarkar dattawa, ya ajiye mata sabulu da sukari. Ta karɓa, ta ɗaga hannu ta yi masa addu'a mai tsawo, ta rufe da cewa Allah ya ba mai ashirin da shida nasara. Akwai 'yan ɗaya jam'iyyar a cikin masu cewa amin. Kafin mako ya zagayo an sauke hotunansa. Sai zaɓe na gaba ya sake fitowa, ita kuwa tun da sassafe ta je ta bi layi ta dangwala masa, ta ce yanzu ya isa.

Duk wannan dariya muke yi, har ranar da abin ya zo kan Maimuna.

Maimuna 'yar yayana ce, marigayi, a hannuna ta tashi. A makarantar kwana ta 'yan mata ta koyi ƙwallo. Ban so ba da farko, kuma ban ɓoye mata ba. Amma ni ɗan kasuwa ne, ba na yanke wa kaya hukunci sai na gani da idona. Na je filin wasa na zauna na kalle ta sau ɗaya, na ga yadda take ratsa 'yan mata uku kamar ba sa wurin, na dawo na ce ta ci gaba, da sharaɗin karatu ba zai yi ƙasa ba, shiga kuma ta mutunci. Daga wasan makarantu aka ɗauke ta zuwa na jiha, daga nan aka kira ta sansanin 'yan wasan ƙasa. Za a tafi gasar duniya ta 'yan mata a wata ƙasa mai nisa, an kuma yi wa waɗanda suka samu shiga alkawarin gurbin karatu. Dokar gasar ɗaya ce mai tsauri: duk wadda ta cika sha takwas, ko za ta cika kafin shekarar ta ƙare, ba ta ciki.

Wata Litinin ina shago ta kira ni a waya. Wani ya rubuta takardar ƙorafi cewa ta wuce shekaru, har yau ban san ko wane ne ba. An dakatar da ita daga atisaye. A gida aka haife ta, ba ta da takardar asibiti, ta makaranta kuwa sun ce ba sa karɓa don hedimastoci kintata suke yi. Za a turo wata jami'a ranar Alhamis ta ji daga bakin wadda ta karɓi haihuwar, a gaban mai unguwa, da rantsuwa. Ranar Juma'a za a rufe sunaye. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ai muna da Gwaggo. A raina sha bakwai ce, haka nake cike mata takardu tun tana firamare.

Na samu Gwaggo tana gyaran geron kunu, azumi ya matso. Na tambaye ta shekarun Maimuna kamar wasa. Ba ta ɗago ba ta ce sha takwas, ranar Asabar ɗin nan da ta wuce ta cika.

Na nemi wuri na zauna. Na yi mata bayanin komai a hankali, gasar, da karatun, da ranar Alhamis. Na ce shekara ɗaya ce tak nake so ta rage. Ta ce, "In na cire mata ita, ina zan kai ta? Kai za ka karɓa?"

Washegari na koma da atamfa mafi tsada a shagona. Ta warware ta, ta murza bakinta da yatsa, ta yaba zanen, ta ce wannan ba ta zuba. Sannan ta ninke ta yadda na kawo ta, ta ɗora mini a cinya. Na ce to, ko za ta je Wudil ta kwana biyu, na ji an ce jikar ƙawarta ta kusa haihuwa, ga mota na tanada. Ta ce yarinyar nan sai bayan Sallah, ita ta duba ta. Dabara ta ƙare mini, sai na faɗi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce Maimuna marainiya ce, ubanta ya bar mana amana, in ta rasa wannan dama a bakin Gwaggo ta rasa ta.

Ta ture faifan geronta gefe. Sannan ta ce, "Sabitu, ni na ɗauki yarinyar nan kafin uwarta ta ɗauke ta. Kada ka koya mini son ta. Amma ba zan dafa Alƙur'ani in faɗi abin da ba shi ba. Tashi ka tafi."

Ranar Alhamis tun safe ake ruwa. Muka taru a zauren mai unguwa, da shi, da Liman, da ni. Jami'ar wata mace ce da ake kira Madam, haifaffiyar Jos, Hausa a bakinta kamar tamu, fuskarta irin ta wadda ta gaji da jin ƙarya. Tare suka zo da Maimuna, an kuma sa ta taho da jakarta gaba ɗaya. Kowa ya gane ma'anar wannan. Yarinyar ta zauna bakin ƙofa ta rungume jakar. Na so in gaya mata abin da Gwaggo ta ce tun kafin a fara, na kasa.

Gwaggo ta shigo da alwalarta, ta ƙi kujera ta zauna a tabarma. Liman ya ba ta rantsuwa. Madam ta tambaye ta ko ita ta karɓi haihuwar wannan yarinya, ta ce ita ce. Ta tambaye ta shekarun yarinyar.

"Sha takwas," in ji Gwaggo.

Madam ta dube ta, ta dube ni, ta mayar wa bironta murfi. Maimuna ba ta yi kuka ba, ƙasa kawai ta zuba wa ido, wannan ya fi mini ciwo. Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce ko Gwaggo za ta sake tunani, tsufa ya kan sa mantuwa. Ta ce masa shi ma tana sane da nasa, in yana so ta faɗa. Ya koma gyara rawaninsa.

Madam ta ce ta shiga gidaje da yawa a kan wannan aiki, ba ta taɓa ganin tsohuwar da ta ƙara wa 'yarta shekaru ba. Ta ce duk da haka dole ta cike takarda, ko Mama ta tuna ranar. Ai kuwa kamar an kunna rediyo. Gwaggo ta ce ranar Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci, saura kwana tara a ɗauki azumi. Ana wani irin zafi, rijiyar gidan ta ja baya, sai da aka kira ɗan garuwa sau biyu. Uwar tana ta kwaɗayin mangwaro, lokacin ya fara shigowa kasuwa, aka sayo mata ta kasa sha.

Ni ba sauraro nake sosai ba. Indararon zauren nake kallo yana zubar da ruwa, ina tunanin yadda zan mayar da yarinyar nan gida. Sai maganar ta dawo mini. Yau ma saura kwana huɗu azumi, ga shi muna tsakiyar damina. Ita kuwa an haife ta dab da azumi, ana zafin bazara.

Shekara nawa ina sayar da kayan Sallah? Na fi kowa sanin cewa duk shekara Sallah tana matsowa da kwana goma sha ɗaya, da shi nake tsara lokacin sarin kaya. Amma kwana biyu ina lallashin tsohuwa ta yi ƙarya, ban tsaya na tambayi kaina da wane wata take ƙirga ba. Gwaggo ba ta san Janairu ba, ba ta san Disamba ba. Daga Sha'aban zuwa Sha'aban take lissafi.

Na miƙe tsaye ban sani ba. Na ce wa Madam ta dakata, shekarun da ta ji na watan Musulunci ne, in aka tara kwanakin da suke raguwa cikin shekara sha takwas sun haura wata shida. Ta ce ita ba ta san wannan ba, kuma ba za ta karɓi lissafin kawun yarinya ba. Tana da gaskiya, ni ma da ba zan karɓa ba. Liman ya ce yana da wani ɗan littafi mai kalanda biyu a jere, ya tashi da kansa cikin ruwan nan ya je gida ya ɗauko. Ya sa tabarau, ya riƙa komawa baya shekara-shekara yana lasar yatsa. Ya tsaya a wani shafi ya miƙa wa Madam. Ranar ta faɗo cikin watan Maris, kuma Juma'a ce, kamar yadda tsohuwar ta faɗa. A lissafin boko sai Maris mai zuwa Maimuna za ta cika sha takwas.

Madam ta daɗe tana duba shafin. Sannan ta ɗauki lema ta fita waje ta kira ofishinsu. Muna hango ta tana magana tana girgiza kai, ta yi shiru, ta sake magana. Ban san minti nawa ta yi ba, na dai san rigata ta jiƙe, ba kuma ruwan sama ne ya jiƙa ta ba. Gwaggo kuwa goronta ta ɓare.

Can sai ta dawo cikin zauren. Ta zauna ta yi rubutu, ta buɗe tawada ta ce Mama ta kawo yatsa. Gwaggo ta ɓoye hannunta cikin mayafi ta ce sai an karanta mata. Aka karanta.

"Ba ki dai rubuta sha bakwai da sunana ba?"

"Rana kawai na rubuta, Mama, taku da tamu."

Sannan ta dangwala. Madam ta juya ta ce wa Maimuna ta ɗauki jakarta, mota na jira su koma sansani. Sai a lokacin yarinyar ta fashe da kuka, ta faɗa jikin Gwaggo. Ita kuwa tana bubbuga bayanta tana cewa ya isa haka, babbar mace mai sha takwas.

Sun tafi gasar, Maimuna ta buga, ba su ɗauko kofi ba, amma karatun ta samu. Gwaggo ba ta taɓa yarda da lissafin ba. Har ta koma ga Allah tana cewa shekarar Bature jan ƙafa take yi, mu kuma mun samu kafa mun bi.

Abin da ba wanda ya sani sai yau shi ne zuwan da na yi gidanta sau biyu. Na yi watanni ina jiran ranar da za ta fasa ni a gidan biki ko gidan suna, yadda ta saba yi wa kowa. Ba ta yi ba. Maimuna ma ba ta ji ba. Da ciwon ajalin Gwaggo ya yi tsanani na je na zauna kusa da ita, na ce ta yafe mini abin da na nemi ta yi, da maganar da na faɗa mata ranar. Ta buɗe ido ta dube ni sosai, ta ce ita ba ta tuna na zo ba.

Matar da ta san abin da aka dafa ranar da aka haife ni. Wannan ce ƙarya ɗaya tak da na taɓa ji a bakinta, kuma domina ta yi ta.

Allah ka yafe mata ita, ka ɗora mini in da laifi. Ka rufa mata asiri kamar yadda ta rufa mini, ka haskaka kabarinta, ka karɓe ta da tausayin da ta karɓe mu da shi ranar da muka zo duniya. Amin.